Daga Obalende Zuwa Umuahia: Yadda Ake Bin Sawun Yaƙin Basasa

Bahaushen da ke zaune a Legas yana kusa da tarihin yaƙin basasa fiye da yadda yake zato. Wanda ya fito daga Agege ko Idi-Araba ya sauka a tashar Obalende, tafiyar ƙafa ce kaɗan tsakaninsa da Barikin Dodan, inda Philip Effiong, mataimakin Ojukwu shugaban Biyafara, wato yankin Gabas da ya ɓalle, ya miƙa wa Janar Yakubu Gowon takardar saduda ranar 15 ga Janairu 1970. A nan aka rufe yaƙin da aka fara ranar 6 ga Yuli 1967, wata talatin ke nan ana fafatawa. Sojan Najeriya bai wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙin, amma ya kai wajen 250,000 a ƙarshensa, kuma da yawa cikin waɗanda aka ɗiba 'ya'yan Arewa ne. Da wuya ka sami unguwa a Kano ko Zariya ko Katsina da ba ta da ɗan mazan jiya ko wanda ya tafi bai dawo ba. Duk da haka 'yan kaɗan ne cikinmu suka taɓa zuwa suka ga wuraren da aka yi abin.

Abu na farko da ya kamata mai niyya ya sani shi ne filayen dagar nan ba a kewaye suke ba. Babu allo, babu taswira a bakin hanya, babu ma'aikaci mai jiran baƙi. Gonakin rogo ne da kasuwanni da tituna. Wanda ya je bai san abin da ya faru a wurin ba zai tsaya ya ga kwalta da kwakwar manja ya dawo yana cewa asarar kuɗin mota. Saboda haka karatun ake fara yi a gida, tafiyar ta biyo baya.

A Legas ake farawa. Barikin Dodan, a gefen Ikoyi, shi ne fadar mulkin ƙasa har 1991 da aka koma Abuja, kuma har yau wurin sojoji ne. Ba a shiga sai da izini, kuma kada ka kuskura ka ɗaga waya a ƙofar. Ka wuce ta gabansa ka gani da ido, ya isa. A kan wannan yanki ne wani jirgin fasinja ƙirar Fokker da Biyafara ta mayar mai jefa bom ya tarwatse a sama cikin dare a watan Oktoba 1967. Daga nan ka gangara Onikan, gidan tarihi na ƙasa da aka kafa a 1957. Abin da ke kai Hausawa can shi ne baƙar Marsandin Janar Murtala Muhammad, da ramukan harsashi a jikinta, wadda aka kashe shi a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976. Motar ba kayan yaƙin basasa ba ce, shekara shida ke tsakani, amma mai ita shi ne kwamandan Runduna ta Biyu, kuma hanyar da za ka bi daga Legas zuwa Anacha sawun rundunarsa ce kusan taku da taku. Dandalin Tafawa Balewa na nan kusa, da wurin tunawa da sojojin da suka rasu a yaƙe-yaƙen duniya biyu da na basasa. Awa uku sun ishe ka duka, in ka zo ranar Asabar da safe da cunkoso bai yi yawa ba. Ka tambayi ma'aikata kafin ka ɗauki hoto a cikin zaurukan.

Zaɓen rana shi ne rabin tafiyar. Kada ka shiga jihohin Gabas ranar Litinin: a watan Agusta 2021 aka ɗora wa yankin zaman gida na ranar Litinin, kuma ko inda abin ya yi sauƙi direbobi da yawa ba sa fitowa. Ka kauce wa 30 ga Mayu da kwanakin da ke kewaye da ita, domin ranar ce Ojukwu ya ayyana Biyafara a Inugu a 1967, kuma rana ce mai zafi a zukatan mutanen yankin. Daga tsakiyar Disamba zuwa makon farko na Janairu hanyar Binin da gadar Anacha sukan cushe da masu tafiya Kirsimeti, tafiyar awa takwas ta koma ta kwana. Damina kuma, daga Afrilu zuwa Oktoba, tana ɓata kallon kayan da ke fili a Umuahia, tana kuma tona ramukan hanya. Nuwamba, ko ƙarshen Janairu zuwa Maris, su ne lokacin. Ka tashi Talata, ka dawo Asabar.

Motocin safa da ƙananan bas masu zuwa Gabas suna lodi a Jibowu da Maza-Maza, amma su ba za su tsaya maka a inda kake so ba. In kun kai mutum uku ko huɗu, ku haɗa kuɗi ku ɗauki shatar mota da direban da ya saba da hanyar. A bar Legas da an sallame asuba. Hanyar ita ce Shagamu, Ijebu-Ode, Ore, Binin, Agbor, Asaba, wajen kilomita 450, kuma burin shi ne a shiga Asaba kafin la'asar sakaliya. Ba a tafiyar dare a wannan zagaye ko da wane dalili.

Ore, mai nisan kilomita 200 da 'yan kai daga Legas, kowa ya san ta da tsayawa cin abinci. Amma nan ne iyakar inda sojojin Biyafara suka iso. Ranar 9 ga Agusta 1967 suka tsallako gadar Anacha ƙarƙashin Victor Banjo, suka kama Binin kusan ba tare da harbi ba, suka daɗe a can suna gardamar wa zai mulki jihar Tsakiyar Yamma, sai wajen 20 ga wata suka kai Ore. Wannan jinkirin ne ya ba Legas damar harhaɗa Runduna ta Biyu cikin gaggawa, aka ba Murtala, ya kora su baya har ya karɓe Binin ranar 20 ga Satumba. Yarbawa har gobe in abu ya yi tsanani sukan ce “o le ku, ija Ore”, wato ya yi wuya irin faɗan Ore. Abin kallo a nan shi ne ƙasar kanta: daji mai duhu hagu da dama, koguna masu gadoji, hanya ɗaya tal. Wanda ya lura da haka zai gane yadda karya gada ɗaya ke tsayar da runduna guda.

Asaba ita ce wurin da na fi so Bahaushe ya tsaya da kyau, ko da zai yi masa nauyi. Sojojin tarayya na Runduna ta Biyu sun shiga garin a farkon Oktoba 1967. Ranar 7 ga wata mutanen gari suka fito cikin fararen kayansu na gargajiya, suna rawa suna kiran Najeriya ɗaya, don nuna ba su da faɗa da gwamnati. A filin Ogbe-Osowa aka ware maza da samari daga mata da yara aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu a kwanakin nan, aka binne da yawa a ramuka na bai ɗaya. Akwai ginin tunawa a unguwar mai ɗauke da sunayen mamata, kuma masu waɗannan sunaye jikokinsu na zaune a gidajen da ke kewaye. Mu mun taso da labarin 15 ga Janairu 1966, da kisan Sardauna da Tafawa Balewa da Birgediya Maimalari, kuma gaskiya ne, ciwo ne. Su kuma sun taso da labarin kisan Ibo a garuruwan Arewa a watannin Mayu da Satumba da Oktoba na 1966, da labarin wannan fili, su ma gaskiya ne. Wanda ba zai iya tsayawa a Ogbe-Osowa ya yi shiru ba, bai shirya wa tafiyar ba tukuna.

Yadda ake zuwa shi ne ka fara sauka unguwar Cable Point, bakin kogi, inda Hausawa suka daɗe da zama, akwai masallaci da abincin da ka sani. Ka gai da Sarkin Hausawa ko wakilinsa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka roƙi a haɗa ka da ɗan gari ya raka ka. Wannan ƙa'ida ce a kowane gari na wannan zagaye: ta hannun shugabannin Hausawan wurin ake shiga, domin su ne suka san wace hanya ce ke da lafiya a wannan makon. A filin kuma ka gaida dattawan da ka tarar, ka nemi izini kafin hoto, kada ka tsaya kana murmushi a gaban sunayen. Kalmar nan da muka saba kiran Ibo da ita a gida, ka bar ta a Legas. Sun san ta, kuma zagi suke ɗaukarta. Ka ce Ibo.

Daga bakin kogin Asaba kana hango Anacha. Tsohuwar gadar ƙarfe, mai tsawon kimanin kilomita 1.4, an gama ta a 1965, sojojin Biyafara suka karya ta da nakiya da suka ja da baya a 1967. Hedikwatar soja a Legas ta ba da shawarar a hau sama a tsallaka ta Idah, inda babu tsaro mai ƙarfi. Murtala ya zaɓi ya tsallaka nan gaba da gaba da jiragen fito. A yunƙurin farko, cikin Oktoba, sojojin sun sauka har sun shiga kasuwar Anacha, sai dai ƙarin mayaƙa da motocin sulke ba su iso bayansu ba, aka yi musu zobe, kogi a bayansu. Aka sake gwadawa har sau biyu, duk aka yi asarar rayuka masu yawa, da dama ruwa ne ya ci su. A ƙarshe ta Idah ɗin aka bi, aka zagayo ta wajen Inugu da Awka, Anacha ta faɗi a watan Maris 1968. Ka tsaya ka dubi faɗin ruwan da ƙarfin gudunsa, ka tuna yawancin yaran da aka zuba a jiragen sababbin ɗauka ne, wasu ko iyo ba su iya ba. In kana son ka bi ta tsohuwar gadar sai ka gaya wa direba tun da wuri, don yanzu da yawa sun fi bin sabuwar gada ta biyu da aka ƙaddamar a 2023, wadda ke kauce wa tsakiyar gari. Akwai jami'an tsaro a bakin gadojin biyu, ba a tsayawa a kai, ba a ɗaukar hoto kusa da shinge.

Abagana tana kan tsohuwar hanyar Anacha zuwa Inugu, ta Nkpor da Ogidi, wajen kilomita 30. Babbar hanyar zamani ba ta ratsa wurin, shi ya sa mutane ke wuce shi ba su sani ba. Ranar 31 ga Maris 1968 jerin gwanon motocin Runduna ta Biyu kusan ɗari, ɗauke da albarusai da mai da abinci zuwa Anacha, suka faɗa kwanton ɓaunar Manjo Jonathan Uchendu na Biyafara. Harbi ya sami tankar mai, wuta ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya. Dalilin girman ɓarnar a fili yake ga wanda ya ga hanyar: siririya ce, motocin a manne da juna, mai da harsasai a layi guda, babu wurin juyawa. Abin da ya rage na ƙarafan kaɗan ne, tsatsa da masu sayen ƙarfe sun cinye. Minti talatin ya isa, kuma sai da ɗan gari za ka gane daidai wurin.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta koma Anacha ta gangara Oweri, wajen kilomita 100, ta Ihiala da Uli. A Uli ne aka faɗaɗa wani yanki na titi ya zama filin jirgin sama, wanda ya riƙe Biyafara bayan faɗuwar Fatakwal a watan Mayu 1968. Jiragen agaji na coci-coci daga tsibirin Sao Tome da na Red Cross suna sauka cikin dare, a kunna fitilu na 'yan daƙiƙu a kashe, saboda jiragen tarayya na shawagi a sama. Ta nan Ojukwu ya fice zuwa Kodebuwa ranar 11 ga Janairu 1970. Sai dai yankin Ihiala ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, kuma baƙo ɗan Arewa ba ya ɓoyuwa. In Hausawan Anacha suka ce kada a bi, kada a bi. Abin da ya rage a Uli bai kai a sa rai a kansa ba. Ɗaya hanyar ta wuce Awka zuwa Inugu, hedikwatar Biyafara ta farko, wadda ta faɗi ranar 4 ga Oktoba 1967. A kwana a can, washegari a bi babbar hanyar Fatakwal, a ratsa kasuwar shanu ta Lokpanta, inda za ka ji Hausa kamar kana Mile 12, a wuce Okigwe a shiga Umuahia. Ita ma ana tambayar lafiyarta kafin a kama ta.

Wanda ba shi da kwana biyar, ko hankalinsa bai kwanta da mota ba, ya hau jirgi daga Ikeja zuwa filin Sam Mbakwe na Oweri, kimanin awa ɗaya, domin Umuahia ba ta da filin jirgi. Daga Oweri zuwa Umuahia wajen kilomita 60 ne ta ƙasar Mbaise. A unguwar Ama Hausa ta Oweri akwai masallaci da masu abinci. Oweri kanta fagen daga ce: sojojin tarayya sun kama ta a Satumba 1968, Biyafara ta yi wa Birged ta 16 ƙawanya na watanni har sai ta sama ake jefa musu abinci, suka fasa suka fice a Afrilu 1969.

Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa a Umuahia shi ne cikon tafiyar, kuma shi kaɗai ne wurin da aka tara kayan yaƙin nan wuri guda. An kafa shi a 1985 a Ebite Amafor, a inda gidan rediyon Muryar Biyafara yake watsa shirye-shirye daga ƙarƙashin ƙasa. Ka ware masa awa uku zuwa huɗu. Ka fara da fili tun da safe kafin rana ta gasa ƙarafan. Akwai jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny a kan tudu, akwai jiragen sama ƙirar Rasha, MiG-17 da Ilyushin 28, waɗanda gwamnatin tarayya ta yi amfani da su. Kusa da su ka nemi ɗan ƙaramin jirgin nan MFI-9, wanda bai fi na koyon tuƙi ba. Da irinsa guda biyar, an ɗaura musu rokoki a fiffike, wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Gustaf von Rosen, da ke taimaka wa Biyafara, ya kai hari filin jirgin Fatakwal ranar 22 ga Mayu 1969, suna tafiya ƙasa-ƙasa dab da itatuwa don kada a gano su. Ganin su gefe da gefe ya fi kowane bayani.

Amma inda ya kamata ka fi daɗewa shi ne wajen kayan da Biyafara ta ƙera da hannunta bayan an toshe mata teku. Motocin sulken da suke kira Red Devil, farantan ƙarfe ne aka yi wa walda a kan gangar tsofaffin motoci. Ka leƙa ciki ka ga ƙunci da rashin iska, ka ƙiyasta zafin da mutum ke sha a ciki. Akwai ogbunigwe, nakiyar gida da ake cusa wa ƙusoshi da guntayen ƙarfe, ma'anar sunan “mai kashewa da yawa”, sojojinmu kuma suka san ta da bokitin Ojukwu. Akwai tukunyar tace ɗanyen mai, wadda da ita suke fitar da fetur da gas a daji. Maƙeri ko makanike ko mai walda daga cikinmu zai fi kowa gane aikin da ke nan. A ciki kuma zauruka uku ne: na makaman gargajiya, inda za ka ga masu da kwari da baka da sulke irin na dakarun Arewa, na tarihin rundunonin soja, sai na yaƙin basasa, da hotunan shugabannin ɓangarorin biyu da na yaran da yunwa ta kumbura wa ciki. Ƙiyasin fararen hula da suka mutu, yawanci da yunwa, ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu, wasu na kai shi uku. In da ƙananan yara a tafiyar, babba ya fara shiga zauren nan ya gani tukuna.

Ramin Ojukwu yana wani wuri dabam, a unguwar Turawa ta cikin gari, tafiyar 'yan mintuna a Keke. An gina shi a 1968 cikin kwana 90, zurfinsa wajen mita 8, da ɗakin taro da ɗakunan kwana da hanyoyin tsira, kuma daga nan aka tafiyar da Biyafara har garin ya faɗi ranar 22 ga Afrilu 1969. Matakalar tana da tsayi da santsi, iska ba ta da yawa, wuta kan ɗauke. Ka riƙe tocila ta gaske ban da ta waya, ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka tattare babbar riga ko ka bar ta a mota. Mai asma ko ciwon gwiwa ya tsaya a sama. Kuɗin shiga ba shi da yawa amma yana canzawa, ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, ka karɓi rasit, ka kuma ɗauki ma'aikacin da zai zagaya da kai, don rubutun jikin kaya da yawa ya goge. Abin takaici ne yadda ruwan sama ke cin jiragen da ke fili. Wasu sun fara ruɓewa, kuma babu na biyunsu.

Abubuwa uku ke jawo wa masu irin wannan ziyara matsala a hanya. Kaya masu launin kakin soja, ko hula ce ko jaka, haramun ne ga farar hula, kuma shingayen bincike a Gabas suna da yawa. Tutar Biyafara ko wani abu mai tambarin fitowar rana, in an tallata maka a matsayin tsaraba, kada ka saya, don soja a shinge ba zai saurari bayanin tarihi ba. Na ukun ya fi haɗari: har yanzu manoma da masu haƙar gini suna tono bama-baman da ba su fashe ba. A 2017 gwamnatin tarayya ta amince a gaban kotun ECOWAS za ta kashe naira biliyan 88 wajen diyya da share ragowar nakiyoyin yaƙin. Duk ƙarfe mai tsatsa da ka gani a gona a Abagana ko Uli, kada ka taɓa, kada ka shura, kada ka bar yaro ya ɗauka.

In a gidanku akwai wanda ya yi yaƙin, ka nemi sanin rundunarsa kafin ka tsara hanya, ko daga bakinsa in yana raye, ko daga takardar sallamarsa ta soja, wadda ke ɗauke da lambarsa da bataliyarsa. Zagayen da na zana daga Legas zuwa Abagana na Runduna ta Biyu ne. Wanda kakansa ya yi Runduna ta Uku ta Benjamin Adekunle, wadda Obasanjo ya karɓa a Mayu 1969, hanyarsa ta ruwa ce: Bonny, Kalaba, Fatakwal, Aba. 'Yan Arewa da yawa kuwa Runduna ta Ɗaya suka yi, ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa, wadda ta gangaro ta Binuwai. Tasu hanyar ta fara daga Gakem, kusa da Ogoja a jihar Kuros Riba, inda aka yi harbin farko, da kuma Nsukka, wadda ta faɗi cikin Yuli 1967, a kusa da ita aka kashe Manjo Nzeogwu, ɗaya daga jagororin juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, a ƙarshen watan. Nsukka tafiyar awa ɗaya da rabi ce daga Inugu, ana iya zuwa a dawo a yini guda. Gakem kuwa ta fi sauƙin kaiwa daga Makurɗi ta Gboko, sai a ware mata tata tafiyar dabam.